Gidan da Aka Toshe wa Iska

Shirun garin ne ya fara ba ni tsoro. Ni ɗan kafintan reluwe ne, a Tudun Fulani na tashi, gidanmu ba ya rabuwa da ƙarar guduma da hayaniyar yara. Sai ga ni a wani garin masana'antu na Jamus ta Yamma, a farkon shekarun tamanin, tasha cike da mutane amma ba ka jin komai sai ƙarar takalma. Na yi sallama ga mutumin da ke gefena, ya dube ni kamar na roƙe shi wani abu, ya matsa.

Gwamnatin jiharmu ce ta turo mu koyon gyaran injinan ruwa. Aka rarraba mu garuruwa, ni da Barnabas muka faɗo gari ɗaya. Barnabas mutumin Beji ne, ɗan manoman doya, Kirista, gajere mai ƙirar ƙarfi. A gida da wuya mu zama abokai, amma a can shi kaɗai ne zan ce wa "sannu" ya amsa. Hausarsa ta kasuwa ce, ƙofa a bakinsa kofa ce, kuma ba abin da ya fi mini daɗin ji a ƙasar nan gaba ɗaya.

Shekarar farko mun yi ta a ɗakin kwanan makaranta, muna koyon Jamusanci da rana, muna mafarkin tuwo. A shekara ta biyu abin da ake aiko wa makaranta daga gida ya tsaya. Muka rubuta, muka sake rubutawa, shiru. Makaranta ta haƙura da mu na ɗan lokaci, sannan ta cire sunayenmu. Takardar zamanmu kuwa da makaranta aka ɗaure ta, ranar da aka sallame mu ita ma ta mutu.

Na ce wa Barnabas mu kai kanmu a mayar da mu gida. Ya girgiza kai.

"Isiyaku, ranar da zan taho an yi mini addu'a a coci, an yanka akuya. Tsohuwa ta yi rawa. In koma in ce mata me? Mu dan yi aiki, mu sayi kayan aiki ko kadan, sai mu koma da mutunci."

Na yarda, domin ni ma na tuna fuskar babana.

Daga nan tsoro ya zama abokin tafiyata. 'Yan sandansu a lokacin koren kaya suke sawa, ni kuwa duk wani kore da na hango a titi sai in sauya hanya. Na taɓa ɓuya a bayan kwandon shara saboda wani mai share lambu. Na daina shiga jirgin titi don kada mai duba tikiti ya nemi fiye da tikiti. Aikin sauke buhunan dankali na samu a kasuwar kayan miya, Barnabas ya samu wanke-wanke a gidan burodi, yana kwana can ya dawo da safe.

A kasuwar ne wani ya nuna mana gidan hayar wani Bajamushe, Herr Kessler. Tsohon bene ne mai hawa biyar, bangonsa baƙi ƙirin saboda hayaƙin masana'antu, cike da 'yan haya waɗanda ba su da wani wurin zuwa. Kessler mutum ne mai tsafta, kullum da hular gashi da murmushi. Ya kai mu wani ɗaki can ƙarƙashin rufi, inda ake ajiye tarkace a da.

"Ba na tambayar takarda," in ji shi. "Ku ma kada ku tambaye ni komai."

Kowane ɗaki a gidan yana da murhun ƙarfe da ake zuba wa kwal, hayaƙin ya bi wani bututu na cikin bango ya fita ta saman rufi. Tagogin na katako ne, sun tsufa, iska tana shigowa ta gefensu tana fito kamar makiyayi. Mukan cusa musu jarida, duk da haka sai mu wayi gari ruwan buta ya daskare.

A hawan da ke ƙasa da namu akwai wani Baturke, Hasan, mai aiki a masana'antar narka ƙarfe. Wata rana ina hawa matakala da bokitin kwal, na yi tuntuɓe na ce "Innalillahi". Sai na ji an buɗe ƙofa. Wani ƙato mai gashin baki ya ƙura mini ido.

"Musulmi?"

Na ce eh. Ya karɓi bokitin daga hannuna, ya hau da shi har ɗakinmu, ya tsaya ya nuna mini alƙibla, ashe wata da watanni ina karkacewa. Tun daga ranar yake kira na "kardesh", wato ɗan'uwa a yarensu. Matarsa Emine ba ta jin Jamusanci ko kaɗan, amma duk Juma'a sai ta ajiye mana kwanon miyar wani ɗan jan wake a bakin ƙofa, ba ta taɓa ware Barnabas ba. Suna da 'ya ɗaya, Aishe, wadda ba ta daɗe da shiga makaranta ba.

Da kaka ta shigo, Kessler ya tara mu duka a tsakar gida. Ya ce tun da man fetur ya yi tsada, gwamnati ta ware tallafi ga masu gidajen haya irin nasa, don a gyara su su riƙa riƙe zafi, ƙasa ta rage ƙona makamashi. Za a cire tsofaffin tagogi a sa masu gilashi biyu. Za a manna wa bango allunan farin soso mai kauri a shafe da siminti. A ƙarshe za a kwashe murhunan kwal, a ja bututun ruwan zafi zuwa kowane ɗaki daga babbar tukunya guda a ƙasa.

Mutane suka yi murna. Hasan ya dafa kafaɗata ya ce, "Kardesh, bana Aishe ba za ta yi tari ba." Ni ma na ji daɗi, har na yi mamakin ƙasar da gwamnati ke damuwa da sanyin da ke shiga ɗakin talaka.

Da aka watse Kessler ya ja mu gefe, ni da Barnabas, murmushin yana nan.

"Ma'aikatan gwamnati za su riƙa zuwa duba aiki. A wurinsu, ɗakin nan naku ɗakin ajiya ne, babu mai kwana ciki. Ranar da za su zo, ku naɗe shimfiɗa, ku bar gidan. In suka gan ku, ni tara zan biya. Ku kun san abin da zai same ku."

Haka aka yi. Magina suka kewaye gidan da bututun ƙarfe da katakan hawa tun daga ƙasa har rufi. Ranar zuwan masu dubawa, Kessler yakan ƙwanƙwasa mana, mu tura katifa bayan tsofaffin akwatuna, mu fita. Ba inda za mu zauna. Mukan yi ta tafiya a bakin kogi cikin yayyafi, hannu a hammata, muna kauce wa duk inda mutane suka taru. Barnabas yakan yi ta lissafa mini abin da za a ci a Beji in an haƙe doya, har sai na roƙe shi ya bari.

Tagogi da bango aka gama kafin ƙanƙara ta sauko. Gidan ya fito fari tas, masu wucewa suna tsayawa kallo. Masu dubawa suka zagaya, suka taɓa bango, suka buɗe taga suka rufe, suka tafi. Maganar bututun ruwan zafi kuwa, Kessler ya ce sai bazara. Magina suka koma wani aikin, suka bar ƙarafunansu a jikin gidan. Mu kuma muka ci gaba da hura kwal.

Gaskiya ɗakunan sun yi ɗumi. In ka rufe sabuwar taga ko kukan mota ba ka ji. Na kwana ba riga biyu a karon farko tun barina makaranta. Amma ba a jima ba na fara tashi da ciwon kai, irin wanda ke bugawa a bayan ido. In na miƙe sai jiri ya kwashe ni. In na fita kasuwa na sha iska sai ya sake ni, in na dawo gida ya dawo. Barnabas ma, da yake barcinsa na rana ne, sai ya farka yana amai.

"Wannan ba ciwon asibiti ba ne," in ji shi wata rana, idanunsa jajir. "Daga gida aka aiko. Akwai wanda bai so tafiyarmu ba."

Na yi masa faɗa, amma a raina na fara yarda. Ina jin zuciyata tana gudu ba dalili. Ina manta abin da na shigo ɗauka. Na taɓa zama a bakin gado ina kallon takalmina, na rasa wanne ne na dama. Na yi ta addu'o'in da na sani, na tofa a ruwa na sha, na ba Barnabas ya sha bai yi musu ba. Asibiti kuwa ba mu ko ambata, domin tambayar farko a can ita ce takarda. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne in mutu a wannan ɗakin da gwamnati ta san babu kowa a ciki. Wa zai wanke ni? Wa zai gaya wa babana?

Na haɗu da Hasan a matakala, fuskarsa ta yi wani irin ja. Ya ce Aishe tana barci a aji, malamarta ta aiko. Ya ce ya je wurin Kessler, ya gaya masa murhu ba ya ja kamar da, wuta tana ci a kasalance. Kessler ya ce masa kwal ɗin bana ne ba shi da kyau, kuma wanda gidan bai yi masa ba, ƙofa a buɗe take.

"Mu haƙura zuwa bazara, kardesh," in ji Hasan.

Ranar wata Lahadi, bayan an kwana ana zuba ƙanƙara, na farka gari ya riga ya waye tangaran. Asuba ta wuce ni ban sani ba. Na so in ɗaga kai, ya ƙi. Ƙafafuna kamar na wani. Na mirgino daga katifa, na ja ciki zuwa ƙofa, na buɗe, na kwanta da fuskata a kan matakala mai sanyi ina amai. Na daɗe a haka kafin idona ya washe.

Sai na lura da takalman Hasan a bakin ƙofarsu. Duk Lahadi da sassafe yakan fita sayo burodi, rediyonsu kuma yakan cika benen da waƙar Turkawa. Ranar ba rediyo. Na sauka da gindi, hawa ɗaya bayan ɗaya, na buga ƙofar.

"Hasan! Hasan!"

Shiru. Na kara kunne. Can ciki na ji wani gurnani, kamar rago da aka danne. Na doki ƙofar da kafaɗa, ko motsi ba ta yi ba. Na buga wa maƙwabtan da ƙofarsu ke kallon tasu, ba a amsa ba, daga baya na ji sun tafi ƙauye.

Akwai taga a matakala da ke fita kan katakan magina. Ni tun ina yaro ko bishiyar mangwaro ba na hawa. Na buɗe tagar, iska ta mare ni, na leƙa ƙasa na hango motoci ƙanana kamar kwalin ashana. Katakan sun sha ƙanƙara, santsi kawai. Ban miƙe ba, rarrafe na yi, ina riƙe da ƙarfe mai sanyin da ke cizon tafin hannu, duk abin yana rawa a ƙarƙashina. Ban san abin da bakina ke faɗi ba. Na dai san gwiwata ta zame sau ɗaya, ƙafata ta yi lilo a sarari, na rungume ƙarfen ina kiran sunan innata.

Da na isa tagarsu na share raɓa da hannun riga. Labulen bai rufe duka ba. Emine tana kwance a ƙasa kusa da ƙofa, hannunta a miƙe wajen mariƙi. Aishe tana kan gado. Hasan yana kan doguwar kujerar da ke gefen murhu, bakinsa a buɗe.

Na doki gilashin da hannu, ko gezau. Na laluba na samu wani guntun ƙarfen ɗauri da magina suka bari, na ɗaga da hannu biyu na maka. Gilashin farko ya tsage. Na sake makawa har na biyun ya tarwatse. Na zura hannu na murɗa mariƙi, ban ma ji gilashi ya yanke ni ba. Babu hayaƙi a ɗakin, babu wani wari, ɗumi ne kawai mai nauyi. Na ɗauki Aishe, jikinta laƙwas, na buɗe ƙofa na shimfiɗe ta a matakala. Na jawo Emine. Hasan ya fi ƙarfina, na ja shi har ya faɗo daga kujera, na kasa ƙarawa.

A nan Barnabas ya same ni, ya dawo daga aiki da burodi a hammata. Ya ajiye, muka kama Hasan muka fito da shi. Na ce zan je ɗakin tarho na bakin titi in kira 'yan kwana-kwana. Ya riƙe mini riga.

"Ka san wa zai biyo su."

"Na sani."

"To ka kira, amma kar ka fadi suna. Ka kira mu gudu. Isiyaku, don Allah."

Na sauka ina dafa bango, jini yana bin hannuna. Na shiga ɗakin tarhon, na juya lamba. Da aka ɗauka, Jamusancin da na koya duk ya gudu. Na dai yi ta maimaita sunan titi, da "mutane suna mutuwa, yarinya, yarinya".

Da na fito Barnabas yana tsallaken titi, ya ɗauko jakarsa da tawa. Ya ɗaga mini hannu in zo. Na tsaya a tsakiya. Ƙafata tana son bin sa, wallahi tana so. Amma na tuna duk murhunan gidan bututu ɗaya suke bi, kuma ban ga kowa ya leƙo ba duk da ƙarar fasa gilashi. Wa zai gaya wa masu zuwa ɗakin da ke da mutane? Jiniya ta karyo kwana. Barnabas ya ajiye jakata a gindin fitilar titi, ya dube ni, ya juya ya ruga. Na ga bayansa ya shige wani lungu.

Na bi 'yan kwana-kwana ina nuna musu ƙofofi, suna ɓallewa. Suka fito da wasu tsofaffi biyu daga hawa na uku, da wata mata da jaririnta, duk a galabaice amma da rai. Sai ga koren kaya sun cika tsakar gida. Ɗaya ya nufo ni. Kafin ya iso, wani dattijo cikin 'yan kwana-kwana ya yafa mini bargo, ya zaunar da ni, ya ce wa ɗan sandan, "Asibiti tukuna."

A motar asibiti shi ne ya yi mini bayani a hankali, yadda zan gane. Ya ce kwal in bai sami iska ba yana fitar da wata guba da ba a gani, ba a jin warinta. Da can tsofaffin tagogi suna shigo da iska ta ɓarakarsu. Da aka toshe su, aka manne ramukan shan iska da soso, ɓaraguzan aiki kuma suka zuba cikin bututun hayaƙi, gubar ta rasa hanyar fita. Ya ce ba a yarda a rufe gida haka a bar murhu ba, tallafin ma da sharaɗin a yi aikin gaba ɗaya aka bayar. Ya ce ni ƙasan ƙofarmu da bai kai ƙasa ba ne ya cece ni.

Aishe ta farfaɗo a ranar. Emine washegari. Hasan bai farka ba.

Ina kwance da ɗinki a hannu, ɗan sanda a bakin ƙofa, aka turo Emine a keken marasa lafiya. Ba yaren da ya haɗa mu. Ta ɗora tafinta a kan bandejina, ta daɗe, tana motsa leɓe. Ni kuma na kasa ɗaga ido, kuka kawai nake yi.

'Yan sandan da na shekara ina gudu ba su zage ni ba, ba su taɓa ni ba. Sun ba ni shayi, sun rubuta duk abin da na faɗa game da Kessler da ranakun da yake korar mu, suka ce zai gurfana gaban alƙali. Sun tambaye ni katifa ta biyu ta wa ce, na ce ta wani ce da ya tafi. Dattijon nan na 'yan kwana-kwana ya zo da kansa ya yi magana a kaina. Aka saurare shi da ladabi, sannan aka ce doka ba ta canja ba. Na yi makonni a tsare, daga nan aka raka ni har cikin jirgi.

Babana bai tambaye ni kayan aiki ba. Ya juya hannuna ya dubi tabon, ya ce a ɗora mini ruwan wanka.

Da na sami ƙarfi na shiga motar Beji. Aka nuna mini gidan. Mahaifiyar Barnabas tana tsakar gida tana feraye doya, tsohuwa siririya. Da ta ji daga ina nake sai ta saki wuƙar, ta leƙa bayana tana neman mutum na biyu.

Na durƙusa na ce, "Mama, ni kaɗai ne."

Na ba ta labari tun daga farko, ban rage komai ba. Ba ta katse ni ba har na kai inda ya ajiye mini jaka.

"Da idonka ka gan shi?"

"Da idona, Mama."

"Yana yin me?"

"Yana gudu."

Ta sunkuyar da kai. Can ta ɗago.

"To kafarsa lafiya ke nan. Tun yana karami ba mai kama shi."

Ta tashi ta shiga rumbu ta zaɓo manyan doya, ta ɗaure da igiya, ta ce in kai wa babana. Ta rako ni har bakin hanya. Da mota ta tsaya ta riƙe hannuna mai tabo.

"Dana, in ya rubuto maka kafin ni, ko da ruwa ake yi ka zo."

Na ce zan zo. Bai rubuto ba, amma na ci gaba da zuwa duk shekara lokacin haƙar doya, har shekarar da na je na tarar an rufe ɗakinta.